Ba zai sake me ba? Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sarakunan Zango da limaman Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Allah ya gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na masallatan unguwa, tun daga Asawase da Aboabo da Sawaba har Tafo da Moshi Zango. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in buɗe baki, domin maganar nan, ta yadda 'yan sanda ke kama yaranmu, a zaure ya kamata in yi ta, a durƙushe, ba a intanet ba. Na gwada. Sau biyu ina tayar da ita a wurin taro, sau biyu ana cewa a bari sai an ci abinci. In an ci abinci kuwa kun san sauran, fatiha ce da neman takalmi.

Ni tsohon tafinta ne. Na yi shekara da shekaru a tsaye kusa da akwatin wanda ake tuhuma a kotunan garin nan, ina mai da Turanci Hausa, in mai da Hausa Turanci, wani lokaci in haɗa da Tonanci, wato Twi, idan mai ba da shaida ɗan Asante ne. Ni ba lauya ba ne, kada wani ya ɗauke ni haka. Amma kunnen da ya daɗe yana jin alƙali na tambayar ɗan sanda "me ka gani?" ba ya mantuwa.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu.

Ɗan ƙanwata gyaran waya yake yi, yana da ɗan teburi a Adum. Tun da aka taɓa fasa layin shagunansu ba ya barin wayar mutane ta kwana a can. Da yamma sai ya zuba su a jaka ya taho da su gida. Wata Juma'a bayan isha'i yana cikin piragiya, keken haya mai ƙafa uku, 'yan sanda suka tare su a shinge. Aka haska masa tocila a fuska, aka ce buɗe jaka. Waya tara. Kowace da ɗan farin tef a bayanta, ya rubuta sunan mai ita da ciwonta: wannan gilashi, wannan caji, wannan ta faɗa ruwa. Littafin rasit ɗinsa yana cikin jakar, ya ciro ya miƙa, ba wanda ya buɗe. Aka ce ina kake zaune? Ya ce Aboabo. Aka ce hau mota.

Da safiyar Asabar muka je caji ofis, ni da uwarsa da wani mai unguwa da nake ganin girmansa ƙwarai, mutumin da ya bar kokonsa yana tururi ya biyo mu, ko kuɗin mota bai yarda mun biya masa ba. Yaron yana bayan kanta, an cire masa bel da takalmi. Mai unguwa ya kama hannun ofisan da hannu biyu, ya sassauta murya, ya ce: "Ofisa, a yi haƙuri. Yaro ne. Ba zai sake ba."

Aka ce ai sai Litinin, mai binciken ba ya nan. Aka yi ta kai da kawowa. Ranar Lahadi da hantsi aka sake shi, bayan an ba da abin da aka ba da, babu rasit. Waya bakwai aka mayar masa. Biyu ba wanda ya san inda suka shiga, kuma babu takardar da ta nuna tara aka karɓa. Da kuɗin adashinsa ya biya masu su.

A hanyar gida bai yi zancen wayoyin ba. Cewa ya yi: "Kawu, ba zan sake me ba? In daina gyaran waya?"

Ban amsa masa ba, don ni ma da laifina. Ina tsaye a wurin, na san abin da ya kamata a tambaya, na haɗiye shi don kada in yi wa babba katsalandan a gaban baƙo.

Iyayenmu, na san da kyakkyawar zuciya ake faɗin wannan kalma. Amma ku saurare ta da kunnen wanda ke zaune a bayan teburi. Duk wanda ya ce "ba zai sake ba" ya riga ya amsa cewa an yi. Ya sauke wa ofisa nauyin da doka ta ɗora masa, na ya faɗi dalilin kamu, ya ɗauko nauyin ya aza wa yaron. Daga nan sakin mutum ya zama alfarma, alfarma kuwa da kuɗinta. Na sha fassara wa wanda ake tuhuma maganar mai gabatar da ƙara cewa ai har manyansa sun zo roƙo, ina kallon fuskarsa tana canzawa, don bai san roƙon da aka yi masa zai dawo ya zama igiya a wuyansa ba.

Doka ba ta bar wa ɗan sanda wuƙa da nama ba. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ƙidaya dalilan da za a iya hana mutum sakewa, ɗaya bayan ɗaya, bai rufe da "da sauransu" ba. Wanda ya shafi maganarmu shi ne inda aka ce sai in akwai zargi mai dalili cewa mutumin ya aikata laifi ko yana shirin aikatawa. Doka mai lamba 30 ta 1960, wadda ta tsara yadda ake kamu da bincike da kai mutum kotu, ta ba ɗan sanda ikon kamu ba tare da waranti ba a sashenta na 10, amma a kan wannan sharaɗin dai.

To mene ne zargi mai dalili? Yadda na ji alƙalai suna warware shi, ƙafa biyu gare shi. Ta farko, shi kansa ɗan sandan ya zamana da gaske yana zargin, ba fakewa yake yi ba. Ta biyu, dalilin ya zama abin da zai iya faɗa da baki, wanda in wani mai hankali da ba ruwansa da maganar ya ji zai ce lalle ni ma da na yi shakka. Ba a ce sai ya riƙe hujjar da za ta ɗaure mutum ba, wannan aikin kotu ne. Amma sai ya nuna wani abu da yatsa. Na gan shi yana haura katanga da tsakar dare. Wanda aka yi wa ƙwace ya kwatanta rigarsa da tabon goshinsa. Lambar babur ɗin ita ce aka kawo mana rahoto. Waɗannan dalilai ne. Hula ba dalili ba ce, gemu ba dalili ba ne, haka tara gashi, haka jan ido, haka sunan unguwa. Sashe na 17 na tsarin mulki ya hana a bambanta mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa ko talaucinsa. Tun kafin a rubuta wannan kakanninmu sun gama magana: kama da wane ba ta wane.

Malamanmu, ku ba sai an koya muku wannan ba. Ku kuke karanta mana aya ta 12 a Suratul Hujurat, inda aka ce a nisanci yawan zato, aka kuma hana bin diddigin asirin mutane. Ku kuka karantar da mu cewa kawo hujja a kan mai da'awa yake. Abin da ke ba ni mamaki, a cikin masallaci mun san haka, da mun taka ƙofar caji ofis sai mu juya ƙa'idar, mu fara rantse-rantse muna wanke ɗanmu, shi mai da'awar ba wanda ya ce masa kawo taka.

Zan yi adalci, don ba yaƙi na zo yi da 'yan sanda ba. Saurayi da waya tara a jaka da dare, a garin da ake fizge wa mata waya a bakin titi, ni ban ga laifin wanda ya tsayar da shi ya tambaya ba. Sashe na 10 ɗin nan ma ya ambaci wanda aka samu da kayan da ake da dalilin zaton na sata ne. Da 'yata aka ƙwace wa waya a daren nan, da addu'a zan yi wa mai tocilan. Inda aka kauce hanya shi ne abin da ya biyo baya. Zargi abu ne da ake gwadawa, ko ya ƙaru ko ya mutu. Ga littafin rasit, ga sunaye, ga lambobin masu kaya. Kira ɗaya ya isa, bai kai tafasar shayi ba. Da aka ƙi buɗe littafin, aka koma tambayar unguwa, daga nan ba wayoyin ake bincike ba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne samame. Mota ta tsaya a bes ɗin ataya, inda samari ke taruwa shan shayi, a kwashe duk wanda ke kan benci, da mai dafa shayin, da wanda ya tsaya tambayar canji, da ɗan makarantar da ya zo kiran yayansa. A je can a tace, mai gata ya fita a daren, marar gata ya kwana. Doka cewa ta yi a zargi mutumin da kansa. Ba ta ce a zargi benci ba. Idan mutum ɗaya a bes yana sayar da wiwi ko taramol, a sa masa ido, a kama shi da kayansa, mu ma mu huta. Mun ga inda wannan ɗabi'a take kaiwa a garin Ashaiman, kusa da Tema, a watan Maris na 2023, da sojoji suka shiga gari da asuba bayan an kashe wani soja, suka kwashi mutum 184, daga baya aka sake su. A nan ma akwai ɗan'uwan samame, wato a zo neman mutum ba a same shi ba, a tafi da ƙanensa ko matarsa wai sai ya kawo kansa. Babu wani layi a sashe na 14 da ya yarda da garkuwa irin wannan.

Wani ɗan gefe, saboda samarinmu masu kallon bidiyon Amurka a TikTok, inda direba ke leƙo kai ta taga yana musu da ɗan sanda. Dokarsu daban, tamu daban. A can, tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1968 a shari'ar Terry da jihar Ohio, zargi mai dalili tsayarwa ta ɗan lokaci yake halattawa, da shafa jiki don neman makami. Kamu sosai sai da hujja mafi ƙarfi. A nan Ghana kuwa zargi mai dalili ya isa a tafi da kai. Saboda haka kada yaro ya ari bakin mutanen Amurka ya ci wa kansa albasa a shinge da dare, hana ɗan sanda aikinsa ma laifi ne mai zaman kansa. Amma akwai abin ɗauka a shari'ar. Ɗan sandan nan na birnin Cleveland da aka tambaye shi, cewa ya yi ya tsaya yana kallon mutum biyu suna zarya a gaban wani kanti, wannan ya je ya leƙa ya dawo, wancan ya je ya leƙa ya dawo, sau da yawa, suna ƙus-ƙus. Ya iya faɗin abin da idonsa ya gani, shi ya sa kotu ta goya masa baya. Ba wani abu muke nema a wurin namu ba sai wannan.

Sai maganar "sai Litinin". Wannan ita ce bulalar da ake karɓar kuɗi da ita, kuma kun lura kamun Juma'a da yamma ya fi kowane tsada. Tsarin mulki ya ce duk wanda aka kama, in ba a sake shi ba, a kai shi gaban kotu cikin awa 48. An daɗe ana cire Asabar da Lahadi daga lissafin, har lauya Martin Kpebu ya kai maganar Kotun Ƙoli. A watan Disamba na 2019 kotun ta ce awa 48 awa 48 ce, da ƙarshen mako da ranakun hutu duk a ciki, ta kuma ba da umarni a tanadi kotunan da za su zauna a irin waɗannan ranaku. Shi dai wannan lauya ne ya sa a 2016 aka soke sashen da ya hana beli a wasu laifuka, ya zamana kowane laifi kotu tana iya duba belinsa. Belin caji ofis kuwa, hukumar 'yan sanda da bakinta take shelar kyauta ne. Mu ne muke zuwa da ambulan a aljihu tun ba a tambaya ba, muna kiransa na goro. Da a ranar nan mai unguwa ya dubi agogo ya ce, "Ofisa, ƙarfe tara na daren jiya kuka kama shi, gobe Lahadi ƙarfe tara lokaci ya cika, wace kotu za mu same ku?" ina da yaƙinin da zancen ya sauya.

Kayan da aka karɓa kuma amana ne. Sashe na 8 na dokar 1960 ya yarda a caje wanda aka kama, amma cewa ya yi a adana abin da aka samu a wurinsa, a kuma yi cajin cikin mutunci, mace kuwa mace ce za ta caje ta. Adanawa ba ta yiwuwa sai da lissafi. Abin da ya cuce mu a wayoyin nan biyu ke nan, ba wanda ya ce a ƙirga a rubuta a sa hannu tun a daren. Shiga gida ma da ƙa'idarsa. Asali sai da warantin majistare, wanda ake bayarwa bayan an yi rantsuwa a gabansa. Inda doka ta yarda a shiga neman kayan sata ba waranti, ta ɗaure abin da babban jami'i, daga mataimakin sufuritanda zuwa sama, ko izininsa a rubuce. Gidajenmu na haya kun san su, ɗaki goma sha biyu a tsakar gida ɗaya, kowane ɗaki da iyalinsa. Don ana neman mai ɗaki na uku ba a samu lasisin ɗaga katifar mai ɗaki na tara ba.

Haka abin da ke cikin waya. Sashe na 18 na tsarin mulki ya kare sirrin gida da dukiya da saƙonnin mutum. A 2018, a shari'ar Cubagee, Kotun Ƙoli ta ce naɗar maganar mutum ta waya a ɓoye keta wannan haƙƙi ne. A nawa ganin, in haka ne, to a tsayar da yaro a bakin titi a ce buɗe WhatsApp ɗinka mu gani, ba tare da an ce ga laifin da ake bi ba, ba shi da madafa.

Yanzu ga inda ya fi ci mini rai, don nan ne sana'ata. Tsarin mulki ya ce a gaya wa wanda aka kama dalilin kamunsa nan take, a harshen da yake ji, a kuma gaya masa yana da ikon ɗaukar lauyan da yake so. A harshen da yake ji. Yaranmu da yawa Turancin kasuwa suke yi, suna jin "zo" da "tafi", amma ba sa jin abin da ake rubutawa da sunansu. Sau nawa na karanta wa mutum sitatimen ɗinsa a kotu, da dangwalen yatsansa a ƙasa, ya zaro ido ya ce, "Wallahi Malam ban faɗi haka ba." Wani cewa ya yi ya riƙe wa abokinsa jaka, aka rubuta ya amsa kayan nasa ne. Dokar Shaida ta 1975, sashe na 120, ta san da wannan. Ta ce amsa laifin da mutum ya yi yana tsare ba ya karɓuwa sai an yi shi a gaban shaida mai zaman kansa, wanda ke jin harshen wanda ake tuhuma, yake kuma iya karanta harshen da aka rubuta bayanin. Wa ake samu a aikace? Duk wanda ke zaune a kan benci a lokacin, wani ma shi da kansa tasa ƙarar ya kawo, yana neman a duba shi da idon rahama. Alhali a kowace unguwa cikin unguwanninmu akwai malaman makaranta da nas-nas da tsofaffin ma'aikata masu Hausa da Turanci, suna zaune.

Kada a ce ina zuzuta ƙaramin abu. Dukanmu muna nan a watan Yulin 2018, da 'yan sanda suka harbe samari bakwai 'yan Zango a yankin Manso Nkwanta, aka fito aka ce 'yan fashi ne. Da a lokacin an ce a yi haƙuri a bar wa Allah, da har gobe 'ya'yansu da wannan sunan za su tashi. Amma Asawase ta ƙi, ku da matasa kuka tsaya a kan sai an bincika. Gwamnati ta kafa kwamiti, kwamitin ya ce bai ga hujjar da ta nuna 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida diyyar sidi 250,000. Kuɗi bai dawo da rai ba, Allah ya jiƙansu. Abin da nake so ku tuna shi ne tambaya ce ta wanke su, kuma ku kuka yi ta. Ashe kun iya. Me ya sa sai an kai ga gawa? Tunanin da ya ce ɗan Aboabo da jaka ɓarawo ne, shi ne dai ya girma ya ce ɗan Asawase a daji ɗan fashi ne.

Na san inda roƙon ya samo asali, ban raina shi ba. A zamanin Turawa kakanninmu aka fi ɗauka aikin ɗan sanda a ƙasar nan, har sunan da mutanen gari suka laƙaba musu da Hausa ne, buga-buga. Mun san sanda ta ciki da waje. Sannan ga 1969, lokacin Firaminista Busia, da aka ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Ina yaro, amma na ga an sayar da gida a kuɗin akuya, na ga maƙwabta a bayan babbar mota da tabarmi da tukwane. Wanda ya ga wannan ya koyi cewa hukuma ba a haɗa ido da ita, a lallaɓa a rabu lafiya. Wannan dabara ta tsare iyayenmu a lokacinta. Amma yaran yanzu a nan aka yanke musu cibiya, da su da iyayensu, katin Ghana yana aljihunsu, kuma a 2025 ɗan majalisarmu na Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, aka ba ma'aikatar cikin gida, wadda 'yan sanda ke ƙarƙashinta. Idan har yanzu muna shiga caji ofis kamar baƙin da ke neman a bar su su kwana, yaran suna kallo, kuma abu biyu suke koya: ko su raina kansu, ko su raina mu su ɗauki dutse.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna ɓata wannan doka da hannunmu. Wa ke kai ɗan'uwansa caji ofis a kan bashin sidi 500, ya ce a kulle shi ya ji a jikinsa? Mu ne. Bashi ba laifin kamu ba ne, maganar sulhu ce ko kotun ƙararrakin dukiya. Wa ke kiran ɗan sanda saboda ɗan haya ya yi jinkiri, ko saboda faɗan kishiyoyi? Mu ne. Wanda ya saya wa maƙwabcinsa kamu yau, ya koya wa mai kamun cewa abin na sayarwa ne, gobe ɗansa za a saya. Akwai kuma ɗaya gefen. Yaron da kowa ya san shi ke tare mata a lungu da almakashi, in an kama shi da dalili, sai a tashi tawaga guda a je a karɓo shi don ɗan gidan wane ne. Ofisan da ya ga mun zo wa mai laifi da marar laifi da murya iri ɗaya, don me zai ɗauki zuwanmu da nauyi?

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba, ranku ya daɗe. Ku ci gaba da zuwa, zuwanku rahama ne. Gaisuwar ma a yi ta yadda aka saba, da hannu biyu. Amma bayan gaisuwa, maimakon haƙuri, a tambaya cikin ladabi: wane laifi ake zarginsa da shi, me aka gani, ƙarfe nawa aka kama shi, ina lissafin kayansa? Babba in ya yi wannan tambaya da rana tsaka, da rawaninsa, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Yaro ne in ya yi ta da dare zai sha mari. Shi ya sa take wuyanku.

Kowace fada kuma ta ware mutum uku ko huɗu masu karatu, maza da mata, a san lambobinsu, waɗanda za a kira ko da tsakar dare su je su zauna a matsayin shaida in za a rubuta bayanin wani, su karanta masa da Hausa kafin ya dangwala. A haɗa su da Hukumar Taimakon Shari'a, tana da ofis a garin nan don wanda ba shi da kuɗin lauya. In an ci zarafin mutum, ga CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan'adam, kai ƙara wurinta kyauta ne, ko da baki ana karɓa. 'Yan sanda su ma suna da sashen da ke karɓar ƙorafi a kan jami'ansu. Sashe na 14 ɗin nan ya ce wanda aka kama ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya, Babbar Kotu kuma a buɗe take. Ba kowace magana za a kai can ba, na sani, talaka ba shi da lokacin zarya. Amma ko ɗaya aka bi har ƙarshe a shekara, labari zai zaga.

Malamai, huɗuba ɗaya a kan zato da haƙƙin wanda aka tsare, a haɗa da jan kunnen masu sayen kamu, za ta kai inda takardata ba za ta kai ba.

Na ƙarshe shi ne littafi. Duk lokacin da za ku zauna da manyan 'yan sanda, su da takarda suke zuwa, mu da "ana cewa". A ajiye littafi a fada, duk wanda aka kama a unguwa a rubuta rana da lokaci da wurin, da dalilin da aka faɗa in an faɗa, da kayan da aka karɓa da wanda aka mayar, da abin da aka biya. A rubuta har da ofisan da ya yi aikinsa da gaskiya, don akwai su, na san wasu, ya kamata manyansu su ji sunansu daga bakinmu. Bayan wata shida a ɗauki littafin a je a gaida kwamanda.

Na riga na sayo shi a kasuwar Kejetia, mai baƙin bango, na ja layuka da rula. Shafin farko na cika shi da hannuna: Juma'a, ƙarfe tara na dare, waya tara aka karɓa, bakwai aka mayar, saura Tecno ɗaya da Samsung ɗaya. Zan zo da shi babban masallaci ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan tsaya ta ƙofar da sarakuna ke fita. Ina roƙon a nuna mini wanda zan miƙa wa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Naku mai biyayya,
Tsohon tafintan kotu,
Aboabo, Kumasi.